Me ya sa ihun yarinya ɗaya ya fi ƙarar injina biyu kaɗa mini hanta?

Sani Mai Inji, Palladan

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, amma sai kun yi haƙuri na fara da labari, in ba haka ba ba za ku gane inda na dosa ba.

Shekarata 14 ina sana'ar niƙa. Inji biyu ne a shagona: babba mai shan gas na masara da dawa da gero, sai ƙarami mai shan fetur na markaɗen wake da kayan miya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin niƙa ya san da hannu da ido ake magana. Mace ta ɗaga maka yatsu biyu, ka san mudu biyu ne. Ga ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi a kanmu tun da safe, ga manyan motoci a titin Sakkwato. Duk wannan bai taɓa sa gabana ya faɗi ba. Har gyangyaɗi nakan yi a kan benci inji yana aiki.

Ranar wata Alhamis, mako uku ke nan, bayan la'asar, wata yarinyar maƙwabta da ba ta wuce shekara tara ba ta kawo waken alala a bokitin roba. Yarona da ke kula da ƙaramin injin ya tayar da shi, ya fita ɗebo ruwa. Ni ina kan babban, na ba su baya, ina zuba masara. Yarinyar ta sunkuya za ta gyara bokitinta a ƙarƙashin bakin injin, sai bel ya kama gefen hijabinta.

Ban ga komai ba, ji na yi. Ba "wayyo" ta ce ba, ba ta kira sunan kowa ba. Wata ƙara ce siririya mai kaushi, kamar an yaga sabon yadi da ƙarfi, kuma ba ta daɗe ba ta yanke, saboda hijabin ya shaƙe ta. Abin da na sani kawai shi ne na ganni durƙushe gaban ƙaramin injin, hannuna a kan makunni, kwanon masara a kife a ƙasa. Tsakanin injinan taku huɗu ne, kuma akwai buhu a tsakani. Ban san lokacin da na tsallake shi ba. Sai da dare na ga ƙaurina ya kumbura, alamar na bugi wani abu ban ji ba.

Alhamdu lillahi, hijabin ne ya yage, ita kuma ta samu ƙurjewa a wuya. An kai ta asibiti an duba ta, a ranar aka sallame ta. Washegari ma uwarta ta aiko mini da alalar. Laifin nawa ne, domin shekara da shekaru bel ɗin nan a buɗe yake, ina gani ina cewa gobe.

To ga abin da ya dame ni. Sai da na ga ta miƙe tsaye sannan jikina ya kama rawa, bakina ya bushe ƙayau, aka ba ni ruwa na kasa riƙe kofin. Tun daga ranar, in yara suna wasa a layi wani ya ƙwalla ƙara, sai na ji hantata ta kaɗa, ko da kuwa na san wasa ne. Sau biyu na farka cikin dare da ƙarar nan a kunnena. Innata ta ce tsorata na yi, a samo mini rubutu. Maiɗakina ta ce na rufe shago na kwana biyu.

Ina so masu ilimi su gaya mini: ta yaya muryar ƙaramar yarinya ta keta ƙarar inji biyu ta same ni, alhali namiji babba yana tsaye kusa da ni yana ɗaga murya ba na jin sa? Me ya motsa ƙafata kafin hankalina ya san abin da ke faruwa? Kuma me ya sa abin ya ƙi sakina?

Ummi, Samaru

Wa alaikumus salam. Yaya Sani, sannu, Allah Ya ƙara tsarewa. Ni ɗaliba ce, muna karanta yadda sassan jikin ɗan Adam suke aiki, kuma kalmar da ka faɗa da kanka, wato "mai kaushi", ita ce amsar tambayarka ta farko.

A shekarar 2015 wasu masu bincike, Luc Arnal da David Poeppel da abokan aikinsu a Jami'ar New York ta Amurka, sun auna ihun mutane suka kwatanta shi da magana. Sun gano cewa in mutum yana magana, ƙarfin muryarsa yana hawa da sauka kamar sau 4 zuwa 5 a cikin sakan ɗaya, daidai da fitar gaɓoɓin kalma. In kuwa ihu yake yi, hawa da saukar yakan kai sau 30 zuwa 150 a sakan ɗaya. Kunne ba ya iya ƙirga wannan saurin, sai ya ji shi a matsayin kaushi, kamar ana goga zarto. Yadda yake samuwa shi ne, in aka turo iska daga huhu da ƙarfin da ya wuce kima, tantanin murya da ke maƙogwaro ya daina kaɗawa a tsare, sai ya riƙa fizga.

Magana ta yau da kullum ba ta shiga wannan zangon. Kamar an ware wa ihu hanyarsa ne shi kaɗai, ba mai binta sai ran da wani abu ya faru. Da suka ɗauki murya ta lafiya lau suka ƙara mata kaushin da na'ura, masu sauraro suka ce ta fi ban tsoro. Da suka rage wa ihu kaushinsa, tsoron ya ragu. Sun kuma ga cewa mutum ya fi saurin gane ta inda ihu ya fito a kan sauran sauti, shi ya sa ba ka tsaya waige-waige ba. Ƙararrawar da ake sa wa mota ko gida don ɓarawo ma irin wannan kaushin gare ta.

Sai dalili na biyu. Ramin kunnenmu tsawonsa kamar santimita 2 da rabi ne, kuma siffarsa tana ƙara wa siririn sauti ƙarfi, musamman wanda yake kaɗawa wajen sau 3,000 a sakan. Kukan jariri da ihun yara suna da ƙarfi a wannan wurin. Injinka yawancin ƙararsa mai kauri ce, kuma iri ɗaya ce daga safe har yamma, ƙwaƙwalwarka ta daɗe da ajiye ta gefe. Muryar namiji mai kauri takan nutse a cikinta. Ta yarinyar ta bi ta sama.

Maganar ƙafarka kuwa, a can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan curi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa babba ba, ana ce musu amigdala. Aikinsu gane haɗari. A binciken nan da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu sauraro, an ga cewa yawan kaushin sauti, yawan motsin amigdala. Ita ba ta jiran sashen da ke tunani ya gama tantance wane ne, me ya faru. Zabura ta farko ma, ƙifta ido da ɗage kafaɗa, daga tushen ƙwaƙwalwa take fitowa, cikin ƙasa da kashi 1 bisa 10 na sakan. Daga nan sai wasu ƙananan sassan jiki da ke zaune a kan ƙoda su zuba sinadarin adirenalin cikin jini: zuciya ta ƙara gudu, jini ya tafi ga tsokar hannu da ƙafa, yawu ya tsaya. Jiki kuma yakan danne zafin ciwo a irin wannan lokaci, shi ya sa ba ka ji bugun ƙaurinka ba. Rawar jikin da ta zo daga baya ragowar wannan shirin ne, an gama aiki shi bai gama sauka ba.

Hajiya Ladi Ungozoma, Tudun Wada

Sani ɗana, barka da arziki, Allah Ya raya yarinya. Ummi, Allah Ya yi miki albarka, kin faɗi abin da na daɗe ina ji a jikina ban san sunansa ba.

Na yi shekara 31 a ɗakin haihuwa kafin na yi ritaya. Makona na farko ban iya cin abinci ba. Daga baya sai kunne ya waye. Ina zaune ina cike kati, mata uku suna naƙuda, zan gaya miki wacce ce ta kusa, wacce ce da saura, wacce ce tsoro ya fi ciwon yawa. Kun san matanmu da kunya da dauriya, musamman a haihuwar fari, yawanci salati suke yi suna cije leɓe. To ran da irin wannan mai dauriyar ta saki wata irin ƙara, biro faɗuwa yake daga hannuna. Duk shekarun nan ban saba da wannan ba, kuma ban so na saba ba, don da ita na ceci rai ba ɗaya ba ba biyu ba.

Amma abin da ya fi kaɗa ni a aikin nan shiru ne. Jariri ya faɗo, kowa ya kasa kunne, ba kuka. Kana goge shi kana shafa bayansa kana addu'a. In ya canyara ƙarar nan, wadda da tsakar dare take hana maƙwabta barci, wallahi babu sautin da ya kai ta daɗi. Kai ma ka lura, ka ce ƙarar ta yanke. Ina jin yankewar nan tana cikin abin da yake tashinka da dare.

Game da tambayarka ta uku, abin da kake ji ba baƙon abu ba ne ga wanda ya ga rai a bakin halaka. Makonnin farko mutum yakan riƙa zabura, ya yi mafarki, ya riƙa jin abin yana dawo masa. Ga mafi yawan mutane yana raguwa da kansa. Ka riƙa ba da labarin ga wanda ka yarda da shi, kada ka haɗiye. Ka rage shayi mai kauri da goro da yamma. In ya wuce wata guda bai ragu ba, ko ya hana ka barci, ko ka ga ka fara gudun shagon, ka je ka ga likita, akwai masu kula da wannan fannin, kuma zuwa wurinsu ba hauka ba ne. Kada ka musa wa Innarka, addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Sai faɗa ɗaya da zan yi maka. Ka ce namiji yana ɗaga murya kusa da kai ba ka ji. A ma'aunin ƙarar sauti, in ta kai desibel 85 mutum yana cikinta awa 8 kullum, kunne yana lalacewa a hankali, kuma ba ya dawowa. Wurin da sai an yi ihu kafin a ji juna ya kai nan ko ya wuce. Siraran sautuka ne suke fara ɓacewa, wato irin wanda ya cece ku ranar. Ka sayi abin toshe kunne, kai da yaronka, ka kuma je a auna jinka.

Malam Tukur, Kwarbai

Malam Sani, Allah Ya kiyaye gaba. Ba fannina ba ne, amma bayanin 'yata Ummi ya tuna mini abu biyu. A Suratu Luƙman, aya ta 19, Luƙman ya hori ɗansa da ya sassauta muryarsa, aka kuma ce mafi munin sautuka shi ne na jakuna. Wanda ya tashi a cikin birni lokacin da jakai suke shigo da itace da ƙasa ta Ƙofar Gayan ya san kukan jaki ba ƙarfinsa kaɗai ne abin ƙi ba, gurzar nan ce da yake yi. Na biyu, a Suratu Hudu an ambaci cewa Samudawa, mutanen Annabi Salihu, da tsawa aka halaka su. Sauti ba ƙaramin abu ba ne a wurin ɗan Adam.

Ka lazimci addu'o'in kwanciya barci, ka karanta Falaƙi da Nasi ka shafe jikinka. Ka kuma bi shawarar Hajiya.

Bashir, Shika

Yaya Sani, ni likitancin dabbobi nake karanta, bari na ƙara daga namu ɓangaren. Ba mu kaɗai ba ne. A Kanada wata mai bincike, Susan Lingle, da abokin aikinta Tobias Riede sun ɓoye lasifika a daji suka kunna wa wasu barewa mata kukan jariran dabbobi daban-daban, har da na kyanwa da na ɗan Adam. Sun wallafa sakamakon a 2014. In dai kaifin kukan ya yi kusa da na 'ya'yansu, iyayen sai su nufo lasifikar, alhali ba jinsinsu ba ne. Shi ya sa in akuya ta maƙale a shinge ta yi wannan ihun, sai mutum ya fito da gudu yana zaton yaro ne.

Akwai kuma birai a Amboseli ta ƙasar Kenya da aka yi nazarinsu, aka wallafa a 1980. Kukan gargaɗinsu iri-iri ne. In na damisa ne su haye bishiya, in na gaggafa ne su dubi sama su shige kurmi, in na maciji ne su miƙe a kan ƙafa biyu suna duban ƙasa. Ko kazar gida ka lura, kukan da take yi in ta hango shaho daban ne, 'yan tsaki kafin ka ƙifta ido sun ɓace.

Amma ina ganin ba halitta ce kaɗai ba, akwai abin da mutum ya taɓa gani. Wanda aka taɓa shiga unguwarsu da dare, ihun "ɓarawo" ba zai taɓa zama masa kamar yadda yake ga wanda bai gani ba.

Sani Mai Inji, Palladan

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa maiɗakina duka, na kuma yi wa Inna bayani.

Hajiya, kin taɓo inda yake mini ciwo. Gaskiya ne, yankewar ce. In na farka da dare ba ƙarar nake jira ta tsaya ba, jira nake ta ci gaba. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai yau. Faɗanki kuma na karɓa. A gida sun daɗe suna cewa ina ƙure rediyo.

Bashir, maganarka ta ƙarshe haka take. Kafin ranar nan yara suna ihu a layinmu kullum, ban taɓa ɗaga kai ba.

Ummi ƙanwata, saura tambaya ɗaya. Ranar Asabar an kawo amarya gidan da ke bayanmu, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ƙarfinta ya fi na yarinyar nan nesa ba kusa ba, amma ko gezau ban yi ba, daɗi ma na ji. Da daddare kuma aka ci ƙwallo a gidan kallo, samari suka kwashe da ihu gaba ɗaya, na zabura na miƙe har na kai ƙofa, ina zaton gobara ce ko faɗa. Dukansu murna ce. Me ya raba su?

Ummi, Samaru

Yaya, a nawa ganin guɗa tsararriya ce. Mai yin ta tana riƙe da muryarta, tana kaɗa ta da gangan, sautin a tsaye yake ba ya fizga, kuma tun kana goye ka san ma'anarta. Ihun gidan kallo kuwa ɓarkewa yake ba shiri, maƙogwaro a sake, muryoyi da yawa a cakuɗe, ga shi cikin dare ba ka ganin fuskokinsu. Masu bincike sun lura cewa in aka kunna wa mutane ihun murna ba tare da sun ga abin da ya jawo shi ba, sau da yawa sukan ɗauka na tsoro ne. Harold Gouzoules na Jami'ar Emory a Amurka ya yi aiki a kan wannan.

A 2021 kuma Sascha Frühholz da abokan aikinsa a Jami'ar Zurik ta Suwizalan sun kasa ihun ɗan Adam gida shida: na ciwo, na fushi, na tsoro, na jin daɗi, na baƙin ciki da na murna. Abin mamaki, masu sauraronsu sun fi saurin tantance irin na murna a kan na gargaɗi. Wannan bai yi daidai da abin da aka zata ba, kuma ana ci gaba da bincike. Kai dai a yanzu amigdalarka a farke take, abu kaɗan ya ishe ta. In ka ci gaba da jin ihun yara kana ganin ba abin da ya faru, a hankali za ta sassauta.

Sani Mai Inji, Palladan

To madalla. Yau da safe na kira mai walda ya auna injinan biyu, zai yi wa kowane bel murfi na waya mai raga, ya ce jibi zai kawo. Kafin nan na ja layi da gawayi a ƙasa, na ce kowa ya ajiye kwanonsa a bayan layi, mu za mu ɗauka. Abin toshe kunne na sa a sayo mini daga Sabon Gari, asibiti kuma ranar Litinin in Allah Ya kai mu.

Ɗazu yarinyar ta zo da markaɗen tattasai. Ta tsaya can bakin ƙofa, ta tattare hijabinta ta riƙe gam da hannu biyu, ta turo robar da ƙafa. Na kashe babban injin na tambaye ta wuyan, ta ce ya warke. Na ce ta gai da mamanta.